Mai Shelar da Ba a Ji Shelar Mutuwarsa Ba

An riga an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, sai ga tsoho Maƙeri ya ɓullo ta hanyar fadama, yana tafe yana dogara sanda. Aminin Baffa ne tun suna yara. Unguwarsu tana tsallaken fadama, ba wani nisa ba, in iska ta juya har carar zakarunsu muna ji. Ya iso ya ga tabarmi, ya ga taron mutane, ya tsaya cak.

"Wa aka rasa?"

Liman ya sunkuyar da kai. Ni na taso na kama masa hannu na ce, "Baba, Baffa ne. Da safe. An kai shi kafin azahar."

Ya daɗe yana kallona kafin salati ya fito masa. Bai hau tabarma ba, a ƙasa ya zauna.

"Na fa ji ƙarar," in ji shi. "Ina bakin maƙera na ji ta, gum, gum, gum. Na ce da yara ko ɗaurin aure ne, ko takin zamani ne ya iso. Na ci gaba da aikina. Sai ɗazu wata mai nono take ce mini an yi rasuwa a garinku, ba ta san ko wane ne ba." Ya dubi tafin hannunsa. "Ashe ina dukan fartanya ana zuba masa ƙasa."

Washegari Fulanin ruga suka zo, sai mutanen unguwar masaƙa. Duk bakinsu ɗaya: mun ji ƙara, ba mu ji magana ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana sanar da mutuwar kowa a wannan yanki, sahu biyu bai cika a sallarsa ba. Masu gaisuwa suka riƙa cewa haka Allah ya so, mai rabon salla shi ke samu. Ban musa ba. Daga Allah muke, can kuma za mu, kowa da ranarsa. Amma injin nan da aka yi shelar da shi hannun mutum ne ya murɗa shi, kuma ina tsaye a wurin. Shi ya sa zan faɗi yadda aka yi, wanda zai ji haushi ya ji.

Baffa yayan mahaifina ne. Mahaifina ya rasu ina rarrafe, a gidan Baffa na yi wayo, a ƙauyenmu da ke kusa da Toranke. Manomi ne kamar kowa, gero da dawa da 'yar gyaɗa. Amma duk ƙasar Gaya da shela aka san shi. Akuya ta ɓata, yaro ya ɓata, an yi rasuwa, masu allurar shanu za su zo, Baffa za a nema.

Ƙato ne, ƙofar zaure sai ya sunkuya. Sai dai in ya buɗe baki ka waiga kana neman wanda ya yi maganar. Murya ce siririya, kamar ta yaron da bai balaga ba. Tun yana saurayi ake masa dariya. Yara su toshe hanci suna kwaikwayonsa. In ya yi sallama a gidan da ba a san shi ba, mata su ce "Shigo mana, Hajiya." Ya taɓa neman ladanci aka hana shi, wai masallaci na buƙatar murya mai kwarjini. Shi dai abin da yake cewa, "Allura ma siririya ce, amma tana shiga inda taɓarya ba ta shiga."

Lasifikar tasa ta zamanin siyasar farko ce. Da soja suka karɓi mulki aka hana taro, sai ta zama kayan tsoro, mai ita ya jefa ta bayan rumbu a Gaya har kaza ta yi ƙwai a cikin bakinta. Baffa ya roƙa, aka ba shi ana murna an rabu da ita. Irin mai faɗin bakin nan ce kamar kakaki. Ya ɗaure ta a ƙahon keke, inji da batirin mota a baya, shi ke nan sana'a ta samu.

Injin yana da abin murɗawa uku: na ƙara, na kauri, na kaifi. Na kaurin nan Baffa ya mayar da shi ƙasa, ya narka ƙaro ya liƙe shi don kada wani mai ƙaiƙayin hannu ya taɓa. Makirfo kuwa ya sa masa tsohuwar safa saboda hucin baki, kuma ba ya kusantar da shi. Kullum sai ya auna taƙi ɗaya tsakanin leɓensa da shi, ko da gobara yake sanarwa. Ya ce in ka manna baki, muryarka za ta kumbura kamar ta mai magana a cikin tulu.

Sannan ga Goggo, yayarsu duka, wadda kunnenta ya yi nauyi tun ina ƙarami. Duk ranar da ya gyara waya ko ya canja batir, ba ya fita sai ya zaunar da ita a gindin tsamiyar bayan gari, ta juya masa baya, shi kuma ya koma can bakin rijiya ya yi shelar ƙarya.

"Ana cigiyar wata tsohuwa, gajeriya, mai faɗa, haƙoranta uku. Wanda ya tsince ta ya riƙe, ba a nema."

Goggo ta ɗaga sanda ba ta waigo ba. "Huɗu ne, ɗan banza. Zo ka ƙirga."

Sai ya kashe inji ya ce da ni, "To, ya yi. In Yaya ta ji, kowa ya ji."

Ni tun ina ɗan shekara goma sha abin ya shiga raina. Ba wanda ya koya mini. Matattun rediyo nake bi gida gida ina roƙa, in buɗe cikinsu, in gasa ƙusa a garwashi in narka dalma, in ƙone yatsu. A haka na gane dalilin abin da Baffa yake yi, kuma don Allah ku bar ni in faɗa, ko kwana aka tashe ni zan iya bayaninsa.

Ka rufe bakinka da tafin hannu ka ce "sassafe". Na kusa da kai zai ji a, a, e, zai san mutum ne ke magana, zai ma san kai ne. Amma bai san me ka ce ba. Abin da hannunka ya tare shi ne 'yan ƙananan sautukan nan na haƙori da leɓe da kan harshe, irin su sa, sha, tsa, fa, ta, ka. Sirara ne, a sama suke, ba su da ƙarfi ko kaɗan. Kaurin murya daga ƙirji yake fitowa, shi ke da ƙarfi, shi ke cika wuri. Amma ma'anar magana a bakin waɗancan raunanan take. Kauri ya gaya maka wa ke magana, kaifi ya gaya maka me ya ce. To yanzu ka shiga kasuwar Gaya ka saurara. Kukan shanu a kara, injin niƙa, gurnanin babbar mota a tasha, gunagunin mutane, duk kauri ne. In ka zo da injin da ke ƙara wa murya kauri, ka zuba ruwa a kogi ke nan. Ita lasifika mai bakin kakaki ba ta ma iya ɗaukar kaurin can na ƙasa ba. Zubar da shi take yi, ta tattara ƙarfinta duka a tsakiya da sama, daidai inda kasuwa ta bar fili. Muryar Baffa kuwa dama can a wannan filin Allah ya ajiye ta. Kunnen tsofaffi kuma daga sama yake fara mutuwa, siraran nan su ne farkon abin da ke ɓace musu. Shi ya sa Goggo ta zama ma'auni.

Ranar da na jero wa Baffa wannan bayani ina haki, yana gyaran ƙotar fartanya, ya bari na gama sannan ya ce, "Duk wannan surutun don ka ce murya kamar fura take? In ta yi kauri ba ta wuce maƙogwaro, in ta tsinke ta zama ruwa." Ya hana ni in ƙure kaifin ma. Ya ce in ka ƙure shi sai ta koma kukan sauro, kunne ya gaji, mutane su juya baya, injin kuma ya kama ihu shi kaɗai.

Shekarar farin nan da ta wuce, da mutanen arewa suka gangaro da 'yan ragowar dabbobinsu, wata mata ta ɓatar da ɗanta a kasuwar Gaya. Ba ta jin Hausa sosai, yaron kuwa ko kalma ɗaya. Baffa ya yi cigiya ya sake, shiru. Sai ya tsaya ya dube ta, ya ce yaron da ba ya jin Hausa ina amfanin kiransa da Hausa? Ya miƙa mata makirfo, ya riƙe mata hannu ya auna mata taƙi ɗaya, ya ce ta kira shi yadda take kiransa a gida.

Wani dattijo daga rumfar 'yan hatsi ya taso. "Haba Malam. Mace a lasifika, a tsakiyar kasuwa?"

"Tun hantsi take kuka a tsakiyar kasuwar nan," in ji Baffa. "Ban ga ka taso ba."

Ta kira. Muryar nan ta tsaga kasuwa kamar an ja reza a ƙyalle, har mahauta suka dakata da sara. Can sai ga yaro ya fito daga ƙarƙashin wata amalanke a bayan kara, da gudu, majina har haɓa. An yi makonni ana zagin Baffa a kan wannan. Wasu suka daina ba shi hannu a masallaci. Ko a jikinsa. Ya ce duk wanda ɗansa ya ɓata ya zo ya gaya masa muryar da yake so a kira shi da ita.

Yanzu sai maganar Baba Ƙarami, autansu. Shi Allah ya ba shi abin da ya hana Baffa. In ya yi gyaran murya kaji sai su watse. Ya yi shekaru yana tuƙin mota a Kano, ya dawo da manyan akwatunan sifika guda biyu, kowanne ya kai tsawon yaro, da inji mai fitilu. Ba zan yi masa ƙarya ba, a gidan biki ba su da na biyu. In ya ɗora faifai, kalangu sai ka ji shi a cikin hanjinka. Don kiɗa aka yi su. Amma da tari ya kama Baffa ya fara kwanciya, sai dattawan gari suka ce a ba auta shela, tasa ta fi kama da ta birni.

Baffa ya sa aka kira shi zaure. Ina wurin, ni na kawo musu ruwa.

"Auta, ban hana ka shela ba. Ɗauki lasifikata ka yi da ita. In kuma akwatunanka kake so, rage musu kaurin, ka janye bakinka."

"Yaya, wannan gwangwanin naka ai murya yake ci. In na yi magana a cikinsa sai in koma kamar kai."

"To ka koma mana. Ni ana jin abin da na ce."

"Jiya da na yi shela har ƙasa ke rawa. Tambayi kowa."

"Na tambaya. Kowa ya ce ƙasa ta yi rawa. Ba wanda ya gaya mini ranar da masu allura za su zo." Baffa ya yi tari ya huta. "Kai so kake a ji tsoronka. Ni so nake a ji ni."

Baba Ƙarami ya tashi ya kaɗe riga. Ya ce tun suna yara Yaya ke baƙin ciki da muryarsa. Wannan kalma ta yi wa Baffa ciwo, na gani a fuskarsa, amma bai rama ba. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. In an yi shela yana kwance, sai ya ce, "Mu na kusa mun ji. Amma na kusa ai ko raɗa ta ishe shi. Don na nesa ake shela."

Safiyar da ya cika, na je na durƙusa gaban Baba Ƙarami na ce ya bar ni in ɗauki lasifikar in zaga da ita. Idonsa jawur. Ya ce, "Yayana ne. Ni zan faɗa." Aka ɗora akwatuna a kan katangar masallaci. Ya ƙure kauri don ya girmama yayansa, na san da wannan niyya ya yi. Ya manna makirfo a leɓe, yana magana yana kuka. Sauran kun ji daga bakin Maƙeri.

Da aka yi sadakar uku na sake komawa. Na ce, "Baba, ranar kasuwar Gaya na zuwa kafin bakwai. Mutanen Balan da na Gaya da na rugage duk sun san Baffa, ba su ji ba. Wanda ya rasa salla kada ya rasa addu'a. A ba ni lasifikar yini ɗaya."

"Kayan mamaci ne," in ji shi. "Ba a raba gado ba. Ko tsinke ba mai taɓawa."

"Aro ne, Baba."

"Wa zai ba ka aron? Mai ita ya tafi, magada ba su san rabonsu ba. Kai kuma ba ka cikinsu." Ya ɗaga ɗan makullin da ya rufe ɗakin Baffa da shi. "Shelar bakwai ni zan je Gaya in yi. Ka ji ko?"

Na je wurin Liman, ya ce gaskiyar auta ce, hukuncin ke nan. Baffa 'ya'ya mata ya bari, akwai Inna matarsa, akwai ƙaninsa da yayarsa, ɗan ɗan'uwa ba shi da ko allura. Ban yi jayayya ba. Ba zan fasa ƙofar mamaci ba, ba zan taɓa hakkin magada ba. Amma ba wanda ya ce kaina ma kayan gado ne.

Na zazzage buhun matattun rediyona a tsakar gida. Akwai wata da ba ta kama tasha amma cikinta na da rai. Na cire mata ɓangaren kama tasha, na bar na ƙara sauti. Na ɗauko wata 'yar sifika daga wata rediyon na juya ta ta zama makirfo, don wanda bai sani ba, sifika tana ji kamar yadda take faɗa. Sifikar da za ta yi maganar kuwa ko tafin hannuna ba ta kai ba. Ƙanƙantarta ita ce gatanta, ko ta so ba ta iya kauri. Baki kawai take nema. Na ɗauki garwar kananzir na tsallaka fadama.

Maƙeri ya juya garwar ya dube ni. "Ni maƙerin baƙi ne, yaro. Garma da gatari na sani. Gwangwani aikin masu yin fitila ne."

"Na Baffa ne, Baba. Mazurari nake so, babba, tsawon hannu."

Ya kori yaran da ke masa zuga, ya yanka garwar da kansa, ya naɗe, ya buga mata ƙusoshi. Garwar ta yanke shi a yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba. Da ya miƙo mini ya ce, "Mummuna ce. Shi ma ai ba kyau ne da shi ba."

Na kai Goggo gindin tsamiya. Tun rasuwar ba ta yi wa kowa magana mai tsawo ba. Ta zauna ta juya baya ba sai na ce ba. Na je bakin rijiya na yi magana. Sandarta ba ta motsa ba. Na matso rabin hanya na sake. Shiru. Na ƙara matsowa, na daina ɗaga murya, na buɗe haƙora na rarrabe kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Na ji. Ranar bakwai, da hantsi, ƙofar gida." Sannan ta waigo. "Abin naka ba shi da nisa, ɗan nan. Ƙafa za ta biya sauran. Layi layi za ka bi."

Ranar kasuwa Baba Ƙarami ya riga ni isa, motar gyaɗa ta kai masa akwatunansa. Ya kafa su a bakin tasha. Tun daga nesa nake jin gum, gum, mutane na wucewa suna waigen akwatunan suna sha'awa. Ni na rataya garwata a kafaɗa, batura a aljihu, na shiga ta layin 'yan koli. Dariya aka fara yi. Wani ya ce ga mai tallan kananzir. Wani ya ce a'a, kakakin talaka ne. Na tsaya na auna taƙi ɗaya.

"Jama'a a saurara. Mai shelar nan na ƙasar Toranke, mai keke da lasifika, mai siririyar murya, Allah ya yi masa rasuwa. An riga an kai shi. Addu'ar bakwai jibi da hantsi, a ƙofar gidansa."

Dariyar ta tsaya. Wani mai sayar da allura da zare ya cire hula ya riƙe a hannu. Wata tsohuwa mai daddawa ta ce, "Wayyo. Shi ya nemo mini jakina." Na wuce layin 'yan hatsi na sake, na wuce na mahauta, na 'yan tukwane, na shiga kara har cikin ƙafafun shanu. Duk inda na faɗa sai in ji ana miƙa maganar gaba, baki ya karɓa daga baki. Kafin in kai wani layin ma labarin ya riga ni.

A bakin tasha muka yi kiciɓis. Ya kashe injinsa ya sauko.

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa, Baba."

"Na ce ni zan yi. Ka zo ka tsinka ni a gaban mutane da gwangwani?"

"Ban taɓa kayan gado ba. Garwar Inna ce, rediyon na bola ne."

Ya ɗaga hannu. Na tsaya, ban kauce ba. Wani direba abokinsa ya riƙe shi, ya ce, "Haba, bari mana. Wai yayanka ne ya rasu? Tun safe nake nan kusa da kai, wallahi na ɗauka tallan magani kake. Allah ya jiƙansa." Baba Ƙarami ya sauke hannun. Ya dubi direban, ya dube ni, ya ce daga yau kada in ƙara kiransa uba. Na ce to. Na juya na shiga layin 'yan goro, don su ba su ji ba tukuna.

Ranar bakwai tabarmin gidanmu suka ƙare, aka kwaso na masallaci, su ma suka ƙare, mutane suka zauna a kan takalmansu. Mutanen Balan a ƙasa suka tako. Fulani suka zo da ƙoren nono ba wanda ya roƙe su. Gumbar da aka daka ba ta kai ko'ina ba, mata suka koma turmi. Inna tana ɗakin takaba tana jin sallamar baƙi, ta aiko a tambaye ni wai duk waɗannan daga ina. Maƙeri ya samu wuri a sahun gaba kusa da Liman, ya ɗaga hannuwansa, bai sauke ba har bayan kowa ya shafa. Cikin taron nan na ga waɗanda suka toshe hanci suna kwaikwayon Baffa, na ga waɗanda suka hana shi ladanci, na ga masu ƙin ba shi hannu. Suna ta cewa mutumin kirki ne, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ƙarya ne. An ji kansa da mutane da yawa, kuma mafi yawan lokuta shi ke da gaskiya. Haka nake so a tuna da shi.

An raba gado bayan arba'in. Lasifikar ta faɗa rabon Baba Ƙarami, tana ɗakinsa a rataye. Bai ba ni ba, ban roƙa ba. In mun haɗu a hanya ina durƙusawa in gaishe shi, ya wuce kamar kututture ne ya yi magana.

Ana nan sai tunkiyarsa ta ɓata, mai ciki, wadda yake ji da ita. Ya yi shela da akwatunansa har sau biyu. Rannan sai ga matarsa ta shigo wurin Inna, ta zauna ta yi ta zagaye, daga ƙarshe ta ce wai ko yaron nan zai ɗan zaga da abin nasa.

Na ce, "Inna, ki gaya mata Baffa bai taɓa karɓar cigiya a bakin ɗan aike ba. Mai kaya ke zuwa da kansa ya faɗi kamannin kayansa."

Inna ta ce, "Kai fa ɗa ne."

Na ce, "Shi ya ce ni ba ɗansa ba ne."

La'asar ta yi ina zaure ina goge kan batura, sai na ji gyaran murya a bayan katanga, irin wanda ke ratsa bango. Ya yi sallama ya shigo. Na ba shi buzu, na koma ƙasa na zauna. Ya daɗe yana kallon garwar da ke jingine a lungu.

"Fara ce," in ji shi, a hankali. "Da baƙi a kunnen hagu. Tana ɗingishi kaɗan."

"To, Baba."

"Ka bi ta tsallaken fadama. Can ba sa..." Bai ƙarasa ba. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana ba ni baya. "Ranar nan, Maƙeri ya ce me ya ji?"

"Ya ce ya ɗauka ɗaurin aure ne."

Ya kama ƙofar zauren da hannu ɗaya. Na ga kafaɗunsa na motsi. Ban ce masa komai ya wuce ba, don bai wuce ba. Na rataya garwata na raɓa ta gefensa na fita neman tunkiya.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa makwanci, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ranar da za a yi kiran da ba mai cewa bai ji ba, Allah ya sa ya ji sunansa sarai a cikin mutanen dama.